Hanjin da Ya Daɗe da Ciwo: Kumburi, Tabo da Tamowar Yara

Jawabi ga ma'aikatan cibiyoyin lafiya, wakilan lafiya na ƙauyuka da shugabannin ƙungiyoyin iyaye mata



Akwai wani yaro da kowannenku ya sani, ko da yake sunansa yana canjawa daga gari zuwa gari. An auna damtsensa ma'auni ya faɗa ja, an sa shi cikin shirin kula da tamowa, uwarsa tana zuwa kowane mako tana karɓar Plumpy'Nut. Ba zazzaɓi, ba tari, ba kumburin ƙafa, amma sikeli ya ƙi gaba. Ko kuwa ya ɗan cika a sallame shi, bayan wata 2 ko 3 a sake ganinsa a layi. Abin da ya fi saurin zuwa bakinmu a irin wannan hali shi ne zargi: uwar tana raba wa yayyensa, ko ta kai kasuwa. Hakan yana faruwa, ba mai musu, domin gidan da hatsi ya ƙare a rumbu ba a rasa hannuwa da yawa a kan ƙunshi ɗaya. Amma akwai uwar da ta yi duk abin da aka ce ta yi, ta sha faɗa a banza, ta koma gida da niyyar ba za ta sake dawowa ba. Saboda ita da ɗanta nake so mu yi magana yau a kan hanji, domin abin da ya shiga baki bai zama abinci ba tukuna, sai hanji ya karɓe shi ya miƙa wa jini.

Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai tsawon mita 6 ko kusa da haka, a nannaɗe cikin ciki. Da za a tsaga shi a duba, ba za a same shi sumul kamar cikin tiyo ba. Fuskarsa cike take da ƴan ƙananan yatsu, miliyoyi, kowane bai wuce milimita 1 ba, sun miƙe tsaye kamar gashin sabon tawul. Su ne ke faɗaɗa wurin da abinci ke haɗuwa da jiki, har masana suka ƙiyasta cewa da za a shimfiɗa fuskar hanjin duka, za ta rufe fili mai murabba'in mita 30, wato ya fi ɗakin kwanan yawancinmu. Abin da ya raba abin da ke cikin hanji da jinin mutum kuwa layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. An ɗora wa wannan siririn bango aiki biyu masu karo da juna: ya bar abinci ya wuce, ya kuma tare ƙazanta. Jiki yakan sabunta shi cikin kwana 3 zuwa 5, shi ya sa yaron da ya yi zawo na ƴan kwanaki yake murmurewa da wuri in ya samu ruwa da abinci. Matsala tana ga hanjin da ba a ba shi wannan sararin ba, wanda kafin wani rauni ya rufe an sake buɗe wani, wata da watanni, shekara da shekaru.

Ina so ku riƙe kalmomi biyu, domin duk jawabin nan a tsakaninsu yake: kumburi da tabo. Kumburin da nake nufi daban yake da na ƙafa da fuska wanda muke gwadawa da yatsa. Wannan shi ne abin da kuke gani in ƙaya ta soki yaro ta karye a ciki: wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tasa, saboda jiki ya turo jini da dakarunsa su yaƙi abin da ya shigo. Kumburi yaƙi ne, in an cire ƙayar sai ya lafa, nama ya koma yadda yake. Tabo kuwa gyaran da jiki ke yi ne in yaƙin ya daɗe ko raunin ya yi zurfi. Ku tuna hannun yaron da ya taɓa faɗawa murhu. Fatar ta warke, amma ta yi tauri, ta tattare, ba gashi, ba zufa, wani lokaci har ta riƙe yatsu ta hana su miƙewa. Irin wannan naman ne jiki ke cike gurbi da shi a hanji da hanta. Yana toshe rami, amma ba ya tsotsar abinci, ba ya talewa, kuma in ya tsufa ba ya komawa. Magani yana iya kashe kumburi ta hanyar kawar da abin da ya haddasa shi. Tsohon tabo kuwa ya fi ƙarfin ƙwayar magani.

Cutar da ta fi kowace nuna wannan tafiya daga kumburi zuwa tabo ita ce tsargiya. Sunanta da kuke gani a takardun aikinmu na Faransanci, bilharziose, ya samo asali daga wani likitan Jamus, Theodor Bilharz, wanda ya gano tsutsar a birnin Alƙahira a 1851. Mu a ƙasar Hausa mun fi saninta da fitsarin jini, har a wasu garuruwa ana ɗaukar jinin a matsayin alamar balagar ɗa namiji, ko kuwa a ɗora wa zafin rana. Amma tsargiya iri biyu ce a Nijar. Ta mafitsara, wadda masana ke kira hematobiyum, ita ce ta bazu duk inda ruwa ke kwanciya. Ta hanji, wadda ake kira mansoni, an fi samunta a kwarin kogin Isa, wajen Tilaberi, da kuma yankin Gaya.

Ga yadda take tafiya. Mai ɗauke da cutar ya yi bahaya a bakin ruwa, ko ruwan sama ya wanke kashinsa zuwa tafki ko magudanar noman rani. Ƙwan da ke ciki ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi wata ƴar ƙaramar katantanwar ruwa ya shiga jikinta, ya hayayyafa na tsawon makonni. Daga nan katantanwar ta riƙa sakin dubban ƴan tsutsotsi da ido ba ya gani. Ba sai an sha ruwan ba. Duk wanda ya tsoma jiki, ko mai wanki, ko mai dashen shinkafa, ko masunci, ko yaro mai iyo, cikin ƴan mintoci sun huda fata sun shiga. Su girma a jiki, mace da namiji su haɗu, su sauka cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da babban hanji, su zauna nan shekara 3 zuwa 5, wasu fiye da haka nesa. Macen tana zuba ƙwai kimanin 300 kowace rana.

Abin lura shi ne tsutsar kanta ba ta cika yi wa mutum ɓarna ba. Ƙwan ne masifa. Kowane ƙwai yana da ƙaya a gefensa, kuma domin ya fita duniya dole ya ratsa bangon hanji daga jijiya zuwa inda kashi yake. Waɗanda suka ratsa suna barin ƙananan raunuka masu tsattsafar jini. Wani kaso babba kuwa ba ya samun fita, sai ya maƙale a cikin naman. Jiki ya kewaye kowane ƙwai da dakarunsa, ya yi masa ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero, ƙwan ya mutu a ciki, ƙullin ya rikiɗe ya zama ɗigon tabo. Ɗigo ɗaya ba komai ba ne. Amma ku lissafa ƙwai ɗaruruwa kowace rana daga tsutsa ɗaya, ga tsutsotsi da yawa, ga shekaru suna tafiya. Bangon babban hanji ya yi kauri, ya yi tauri, a wasu mutanen har tsiro ya fito a cikinsa mai zubar da jini da sinadarin gina jiki cikin kashi. Mai wannan hali yakan yi fama da ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, zawo yau, taurin ciki gobe, jini ko majina a bayan gida, kasala, da ƙarancin jinin da ba ya jin magani.

Ba a hanji kaɗai abin ke tsayawa ba. Duk jinin da ya taso daga hanji ta hanta yake bi, don haka yana kwasar ƙwai ya kai can. Su maƙale a ƙananan hanyoyin jini na hanta, tabo ya taru a kewayensu har ya shaƙe su. Wani likita mai suna Symmers ya bayyana wannan tabon a Masar tun 1904. Jinin da ya rasa hanya sai ya koma baya, saifa ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, jijiyoyin maƙoshi su cika su yi tsayi har wata rana ɗaya ta fashe, mutum ya yi aman jini. Yawanci saurayi ne ko magidanci a tsakiyar ƙarfinsa ake kawowa a wannan hali, alhali ƙwan farko ya shiga hantarsa tun yana wasan ruwa bai san hagu da dama ba.

Wani zai ce, to, mu da ke Maradi da Damagaram da Tawa, ina ruwanmu da cutar bakin kogi? Da farko dai mutanenmu ba zaune suke wuri ɗaya ba. Ana zuwa cin rani, ana zuwa aikin shinkafa da su, ana zuwa kudu ƙasashen da ruwa ya yawaita, wasu da iyalansu. Saboda haka tambayar inda mutum ya taɓa zama tana cikin aikin jinya. Na biyu, ta mafitsarar da ke cikin tafkunanmu da madatsun ruwanmu hanyar ɓarnarta ɗaya ce, ƙwai, ƙulli, tabo, sai dai a mafitsara da hanyoyin fitsari da al'aura, kuma ana samun ƙwanta har a ƙarshen hanji. Ita ma tana shan jinin yaro tana tauye girmansa. Duk inda aka tare ruwa domin noman rani alheri ya zo, amma katantanwa ma ta samu gida. Wannan kuwa ba dalilin ƙin noman rani ba ne, dalilin sa ido ne.

An daɗe ana ɗaukar tsargiya cutar ƴan makaranta, domin su ne masu iyo. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan kwarin kogi a nan Nijar, aka wallafa a 2010, ya samu ƙwan cutar a jikin jarirai da yaran da ba su isa makaranta ba. Jariri ba ya iyo, amma ana ɗebo ruwan kogi a yi masa wanka da shi nan take, ko a zaunar da shi a bakin ruwa uwa tana wanki. Waɗannan su ne daidai shekarun yaran da muke aunawa.

Cuta ta biyu mai barin tabo ita ce atunin amiba. Ita amiba ƙwayar halitta ɗaya ce, tana shiga ta baki cikin ruwa ko abincin da kashi ya taɓa, ta hanyar hannu ko ƙuda. A babban hanji takan ci bango ta yi gyambo mai ƙaramin baki da faɗin ciki, kamar tulu. In ta daɗe tana tashi tana kwanciya, wurin yakan warke da tabon da ke ƙuntata hanyar kashi, ko ya tara wani dunƙulen nama da har likita zai iya zaton ciwon daji ne. Takan kuma bi jini ta tara ruɓa a hanta. Sai dai a nan ina da gargaɗi. Ba duk kashi mai jini ne amiba ba. A yara ƙanana mafi yawansa wata ƙwayar cuta ce daban mai suna shigela, kuma maganinta daban. Akwai ma wata amibar marar cutarwa wadda a madubin bincike kamarsu ɗaya da mai cutarwar. Al'adar da ta kama mu, ta sayen ƙwayar Flagyl biyu ko uku a faranti wurin mai talla duk lokacin da ciki ya murɗa, ba ta kashe amiba, ba ta taɓa shigela, tana dai jinkirta zuwa likita. Maganin amiba na gaskiya kwanaki ake yi ana sha, sa'an nan a bi shi da wani na biyu mai share ragowar da ke kwance cikin hanji.

Yanzu in zo ga abin da, a ganina, ya fi shafar yawancin yaran da ke hannunmu, ko da yake shi ne mafi ƙarancin hayaniya. Akwai ƙananan halittu irin su jardiya da kiriftosforidiyum da ke zama a ƙaramin hanji, wurin tawul ɗin nan da muka ambata. Jardiya takan manne a fuskar hanji, sau da yawa ba tare da wani zawo mai tsanani ba. Abin da uwa za ta gani shi ne kumburin ciki, yawan tusa, kashi mai laushi da maiƙo da mugun wari, yaro yana ƙin abinci. Ba su kaɗai ba ne: yaron da ke rarrafe a tsakar gida yana haɗiyar ƙasa da kashin kaji da na awaki kowace rana, hanjinsa kullum cikin faɗa yake. A hankali yatsun nan su gajarce, su daƙushe, tawul ya zama tsumman da ba ya tsane ruwa. Bangon kuma ya fara yoyo, ƙazantar da ya kamata ya tare ta riƙa tsallakawa cikin jini. Tun shekarun 1960 aka gane wannan hali, har a jikin Amurkawa masu aikin sa kai da suka zauna a Pakistan, kuma hanjinsu ya koma daidai bayan sun koma gida. Wannan labari ne mai daɗi, domin yana nuna cewa a nan kumburi ne ya fi yawa, tabo kaɗan ne. A Gambiya, wani bincike na 1991 ya danganta kimanin kashi 40 cikin 100 na tauyewar girman jarirai da wannan lalacewar bangon hanji.

Hanjin yana iya warkewa, amma tsawon da yaro ya rasa kafin ya cika shekara 2 da wuya ya dawo. Binciken abinci na ƙasa na 2022 ya nuna kashi 47 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma jihohin Maradi da Damagaram suna sama da wannan adadi. Ƙarancin abinci shi ne babban dalili, kada wani ya fita daga nan ya ce an ce yunwa ba ta da laifi. Amma hanji mai kumburi yana tauye ɗan abin da aka samu ta hanyoyi da dama. Yana rage abin da ake tsotsa. Yana sa jiki ya kashe ƙarfinsa a yaƙi maimakon gina ƙashi da tsoka. Yana kashe sha'awar ci. Akwai kuma wani abu da ya kamata masu ba da maganin ƙarin jini su sani: in jiki yana cikin kumburi, hanta takan saki wani sinadari da ke rufe ƙofar da sinadarin ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini, domin ta hana ƙwayoyin cuta samunsa. Sai a yi ta ba yaro maganin jini tafin hannunsa na nan fari fat. Hatta rigakafin da ake ɗigawa a baki, irin na shan inna, bai cika kamawa da kyau a irin wannan hanji ba, yana kuwa daga cikin dalilan da ake maimaita shi sau da yawa. Ga amsa ga uban da ya tambaye ku me ya sa ake ta dawowa.

Macijin ciki da sauran tsutsotsin da ke bi ta ƙasa ba zan daɗe a kansu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum biliyan 1.5 na ɗauke da su a duniya, amma zafin ranarmu da bushewar ƙasarmu suna kashe ƙwansu, shi ya sa ba su yi mana yawa kamar ƙasashen kurmi ba. Inda ake da laima, a fadama da lambuna, ana samun mai ƙugiya wadda ke shiga ta tafin ƙafa ta kama bangon hanji tana shan jini. Albendazol yana maganinsu, miligiram 200 ga yaro ɗan wata 12 zuwa 23, miligiram 400 daga shekara 2, kuma ba a ba wanda bai cika shekara ba. Ku ci gaba da bayarwa lokacin rabon bitamin A da kuma cikin jinyar tamowa yadda ƙa'ida ta tsara. Abin da nake roƙo shi ne kada ƙwayar nan ɗaya ta sa mu ce an gama da ciki. Ba ta kashe tsargiya, ba ta kashe amiba, kuma sha ɗaya bai isa jardiya ba.

Maganin tsargiya shi ne prazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum, sha ɗaya. Nijar ta fara rabonsa ga jama'a tun 2004, ana auna tsawon yaro da sanda a san adadin ƙwayoyin da zai sha. Yana da ɗaci, yana iya sa jiri da murɗar ciki, musamman ga wanda tsutsa ta yi wa yawa ko wanda ya sha da yunwa, don haka a tabbata yaro ya sha fura ko kunu mai kauri kafin a ba shi. Jita-jita da yawa a kan wannan magani daga cikin da ba komai a cikinsa ta taso. A 2022 OMS ta faɗaɗa shawararta: a garin da cutar ta kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa daga shekara 2 zuwa sama sau ɗaya a shekara, har da masu shayarwa da masu cikin da ya wuce wata 3. Bayan an sha, jinin kashi yakan tsaya, kumburin hanji ya lafa, tsiro ya motse, kuma a yara hatta tabon hanta da bai tsufa ba yakan ragu. A jikin wanda ya shekara 20 yana tarawa kuwa, maganin zai kashe tsutsa ya hana ƙari, amma jijiyar da ta shaƙe ta shaƙe. Kuma ba ya hana sake kamuwa: wanda ya sha yau ya koma tafkin gobe ya buɗe sabon lissafi.

Wannan ya kai mu ga ruwa da kashi. Kusan mutum 2 cikin 3 a ƙasar nan a fili suke bahaya, kuma duk cututtukan da na lissafa, ban da tsargiyar mafitsara mai bin fitsari, daga kashi suke tasowa. Salanga ita ce tushe, kuma kashin jariri ma a cikinta ya kamata ya ƙare, domin ba shi da wata tsarki da ta fi ta babba, ƙwayoyin cuta ma sun fi yawa a cikinsa. Amma zan gaya muku wani sakamako da bai yi wa masu aikinmu daɗi ba. Manyan gwaje-gwaje da aka yi a Bangaladash da Kenya da Zimbabuwe, aka fitar a 2018 da 2019, sun gina wa gidaje salanga, sun ba da sabulu da maganin ruwa, amma tsawon yara bai ƙaru ba saboda waɗannan kaɗai. Ƙarin abinci ne ya kawo ɗan ci gaba. Abin da na fahimta daga wannan shi ne tsabta rabi da rabi ba ta isa ta huta da hanjin yaro. Gida ɗaya mai salanga a tsakiyar gidaje 50 marasa ita bai tsira daga ƙuda ba, kuma salanga ba ta hana mai rarrafe cin kashin kaza. Shi ya sa muke nacewa a kan gari gaba ɗaya ya daina bahaya a fili, a ware wa dabbobi wurinsu, a share tsakar gida kafin a sauke yaro, a shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, a wanke hannunsa shi ma da sabulu kafin ya ci, ba na uwa kaɗai ba.

Game da ruwan sha, ƙwayar Aquatabs tana da amfani ƙwarai a kan kwalara da danginta, amma kiriftosforidiyum yana jure mata, jardiya ma ba ta mutuwa da sauƙi. Tafasawa ce ke kashe su duka. Na san tsadar itace, ba na cewa a tafasa wa gida duka. A tafasa na yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 2, a ajiye a abin da ke da murfi. Ruwan wankan da aka ɗebo daga tafki ko kogi kuwa, in aka bar shi ya kwana 3 a randa ko jarka, tsutsotsin tsargiya sun mutu, ko a dafa shi a bar shi ya huce. Kafin wata 6 kuma, nonon uwa zalla. Duk cokalin ruwa ko bauri da aka ɗura wa jariri hanya ce aka buɗe wa waɗannan halittu zuwa hanjin da bai gama ƙwari ba.

Yaron da hanjinsa ya riga ya ji ciwo ba a hutar da cikinsa da yunwa. Bangon hanji daga abincin da ke ratsa shi yake samun abin sabunta kansa. A ci gaba da shayarwa ko yana zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na SRO, a ba shi zinki kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya a rana ta uku, domin zinki yana taimakon bango ya rufe. Wanda ke cikin tamowa mai tsanani kuwa, ma'aikacin lafiya ne zai tsara masa ruwan da zai sha. A riƙa ba da abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kunu mai kauri da aka ƙara wa garin wake ko ƙuli-ƙuli da ɗan mai, da ƙwai, da hanta, da garin kifi ko na fara, da zogale. In ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako 2.

Akwai alamun da ba a jira ranar awo da su. Aman jini, ko baƙin kashi kamar kwalta. Cikin da ya kumbura ya yi tauri, ba kashi ba tusa, ga amai. Jini a kashin yaron da ke da tamowa. Zawon da ya kai kwana 14. Dubura ta fito. Tafin hannu da cikin ido sun yi fari ƙal, yaro yana haki. Duk waɗannan a kai CSI a ranar, in an tura CRENI ko babban asibiti a tafi, kuma ku tuna wa iyaye cewa tun 2006 doka ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5.

Shi kuwa yaron da sikelinsa ya tsaya, kafin a rubuta cewa bai karɓi magani ba, ko a ɗaga wa uwarsa murya, a zauna da ita a yi tambaya cikin natsuwa. Yaya kashinsa yake, sau nawa a rana, akwai jini ko majina ko maiƙo? Daga ina ake ɗebo ruwan sha, daga ina na wanka? Akwai tafki ko lambu kusa, akwai mai fitsarin jini a gidan? Sun taɓa zama a bakin kogi ko a kudu? Ina kaji da awaki suke kwana? Yaushe ya sha maganin tsutsa, wane iri? A rubuta amsoshin a takardar turawa, domin likitan da zai karɓe shi bai ga gidan ba. In an yi gwajin kashi ba a ga komai ba, a sani cewa ƙwai da ƙwayoyin nan ba kullum suke fita ba, gwaji ɗaya yana iya kuskure su, a nemi a maimaita a wata rana. A can ne kuma za a duba sauran abubuwan da kan tsayar da sikeli, irin su tarin fuka, da cutar sida, da amosanin jini, da ciwon hanyar fitsari.

Masu tambaya, bismilla.